Kujerar da Ba a Zama a Kanta

Unguwar Chatham, Chicago
21 ga Janairu

Zuwa ga mai girma, mai alfarma, ginshiƙin zuri'ar Tolliver reshen Kudu. Sarauniyar baranda, uwar mawaƙan coci, wadda in ta ɗaga murya a sahun gaba mai piyano yake naɗe hannu ya zama ɗan kallo. Ma'ajiyar asirin burodin masara, wadda tarihi bai taɓa rubuta cewa ta ƙona tukunya ba, in ma ta ƙona ba a haifi mai ƙarfin halin faɗa ba. Gwaggona ta kaina, Earlene, a fadarta da ke birnin Montgomery, jihar Alabama.

Ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ake durƙusawa a yi, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ina sanar da ke cewa mai rubutun ba kowa ba ne illa ɗan ƙaninki, ƙaramin hadiminki Cornelius, wanda yake riƙe da alƙalami da yatsu uku kacal, domin sauran biyun sanyi ya yi garkuwa da su tun Asabar ɗin makon jiya, kuma har yanzu bai faɗi sharuɗɗansa ba. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sassauta wa maigidanki Baba Hosea ciwon bayan nan da yake tashi duk lokacin da ciyawar tsakar gida ta isa yanka, ya raya jaririyar 'yarki Lavonne, ya kuma tsare mana ɗanki, yayana Demetrius, shi da tirelarsa, duk inda kaya suka kai su. Na ji an ce farkon watan gobe zai kawo katako nan kusa da mu. Allah ya kawo shi lafiya, domin akwai mai jiransa fiye da yadda yake zato.

Mu nan muna lafiya. Babana ya zo daga Milwaukee ranar Kirsimeti, ya ci, ya yi barci a gaban talabijin, ya gyara famfon kicin wanda da ma lafiyarsa ƙalau, ya koma. Yanzu famfon yana ɗiga. Kaka Vernell, mahaifiyarki kuma uwar ɗakina, tana nan da bakinta da wayonta, gwiwar hagu ce kawai take yi mata gardama. Tana shan magani a kan lokaci in ina kallo. Ta ce in gaya miki ta karɓi rigar sanyin da kika aiko, wai mutumin Alabama ya aika wa mutumin Chicago rigar sanyi daidai yake da a kai wa kifi ruwa a cokali. Amma kullum rigar tana jikinta, sai na yi da gaske ake samun wanke ta.

Yanzu sai maganar da ta tara mu. Za ki tuna ranar bikin Godiya na watan Nuwamba da kika kira ta waya, bayan kin gama da Kaka kika ce a ba ki ni. Kika ce tunda ni kaɗai ne a jikoki na yi shekara uku ina karatu a Montgomery ina cin abincin gidanki, sauran rayuwata kuma a nan, to in zauna in auna garuruwan biyu tsakani da Allah, in rubuta, domin Kaka ta yanke shawara kafin Ista: ko ta sayar da gidan nan ta koma ɗakin da kika gyara mata, ko ta zauna. Na san abin da ya sa. Tun da ta zame a matakalar ƙofa bara, ta yi kusan rabin awa a ƙasa kafin maƙwabci ya hango ta, ba ki ƙara samun barcin kirki ba duk ranar da aka ce ana ƙanƙara a Chicago. Wannan ba abin wasa ba ne, ko ni da aka sani da wasa ban taɓa sa shi a ciki ba. Saboda haka na karɓi nauyin da hannu biyu, na naɗa kaina kwamiti, na zaɓi kaina shugaba ba hamayya, ga kuma rahoto.

Kwamiti ya fara da sararin sama, domin shi ne ba ya karɓar cin hanci. A nan, ranki ya daɗe, ba zan ɓoye ba, kun ci mu. Iskar da take tasowa daga babban tafkin da ke gefen garin nan a watan Janairu takan shiga ta wuyan riga ta fita ta safa, ta bar mutum yana tuna zunubansa ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar Kaka tana sanin za a yi ƙanƙara kwana biyu kafin masu hasashen yanayi. A wurinku kuwa, a wannan watan, mutum yana iya fita da 'yar riga ya ɗebo wasiƙu ya dawo da hancinsa a inda ya bar shi. Amma adalci ya tilasta mini in tuna watan Agustan Montgomery, lokacin da iska take zama kamar tawul ɗin da aka tsoma a ruwan zafi aka rufa wa mutum a fuska, da sauron da ya san ni da suna, da kyankyasan nan masu tashi sama waɗanda kuke kira da wani suna mai daɗi don kada baƙo ya gudu. Ban kuma manta ranar da jiniyar guguwa ta yi kuka ba, muka cushe a banɗaki mu huɗu da katifa a ka, Baba Hosea yana addu'a yana tambaya ko an kashe murhu. Na kuma ga da idona ranar da ƙanƙara ta zuba muku wadda ba ta kai kaurin yankan burodi ba: aka rufe makarantu, aka wawashe madara a kantuna, fasto ya yi wa'azi a kan ƙarshen zamani. A nan irin wannan ko takalmi ba ma canja mata.

Daga nan kwamiti ya juya ga mutane. Mutumin Kudu gaisuwa ce sana'arsa ta farko. Na taɓa shiga kanti a Montgomery sayen ƙusa guda shida, na fito bayan minti arba'in, mai kantin ya san sunan kakata, ya gano cewa matarsa da Baba Hosea sun haɗa kakan kaka, ya kuma yi mini nasiha a kan aure; ƙusar ce kawai muka manta. In an ɗauko gawa, motocinku sukan ja gefe su tsaya har a wuce, ko ba su san mamacin ba. Wannan ɗabi'a na yaba mata, kuma ina so a rubuta cewa na yaba. Mu nan kuwa, da Milwaukee da Detroit da sauran garuruwan da masu taswira suke kira Tsakiyar Yamma, mutum yana iya shekara goma yana zama kusa da kai a jirgin ƙasa na safe bai san muryarka ba. Amma bari motarka ta maƙale a ƙanƙara. Kafin ka gama tsaki, ƙarti uku da ba ka taɓa gani ba sun sa kafaɗa sun tura, kafin ka sauke gilashi ka yi godiya sun ɓace.

Batun abinci na so in tsallake don zaman lafiyar zuri'a, amma rahoto ba ya cika da tsoro. Tarwaɗar da kike soyawa ranar Juma'a babu irinta daga nan har bakin teku, kuma ina kewar shayinku mai sanyi, wanda cokali yake iya tsayawa a cikinsa don sukari. Sai dai na isar wa Kaka abin da kika ce a kan burodin masararta, wai duk wanda aka sa wa sukari ya tashi daga burodi ya koma kek, kuma wai zaman Arewa ne ya lalata mata hannu. Ta ce in tambaye ki wace 'ya ce take laɓewa bayan ƙofar kicin tana cinye gefen wannan kek ɗin tun yana tururi, har ta ƙone harshe ta kasa waƙa ranar Lahadi. Ni dai ɗan aike ne.

Akwai kuma abin da ban ji kowa ya ambata ba. Gidanki yana da fili da itatuwa, ɗakin da kika gyara ba matakala, tagarsa tana kallon gabas. Duk na shaida. Amma daga ƙofarki zuwa kanti mafi kusa, in ba mota, sai wanda ya yi sallama da iyalinsa, Kaka kuwa ba ta taɓa tuƙi ba. A nan, in ba lokacin ƙanƙara ba, bas tana tsayawa a kusurwar layinmu, Kaka ta ɗauki jakarta da sandarta ta tafi kasuwa, ta biya wurin mai gyaran gashi, ta leƙa ƙawarta a gidan tsofaffi, ba ta nemi izinin kowa ba. A Montgomery duk inda za ta, sai ta jira wani ya gama abin da yake yi. Za ku kai ta da murna, na sani. Amma kin san uwarki: matar da ta gwammace ta miƙe ta ɗauko gishiri da a miƙo mata a tebur.

Duk wannan shimfiɗa ce. Bayan dogon nazari, kwamiti ya gano cewa wanda yake son sanin halin gari, to ya dubi abin da mutanensa suke yi da kujera. A wurinku kujera ta baranda ce: a zauna a kanta da yamma, a ɗaga wa mai wucewa hannu, a san wanda ya sayi sabuwar mota da wanda matarsa ta yi yaji. A wurinmu kujera ma'aikaciya ce. Na san a gidan nan aka yanke miki cibiya, amma shekara talatin ta zaman Kudu ta isa ta goge wa mutum karatu, saboda haka bari in yi tuni. In ƙanƙara ta binne layi, mutum ya fito da shebur ya yi awa biyu yana haƙo motarsa, to wannan gurbi nasa ne har ta narke, in zai fita kuma sai ya kafa kujera a wurin. Babu wannan doka a littafin gwamnati, amma ban san dokar gwamnatin da ake bi kamarta ba.

Ta gidanmu kin san ta: koriyar nan ta ƙarfe, mai tsatsa a ƙafar baya, wadda Kaka ta zo da ita daga barandar mahaifiyarta a Alabama, ɗaure a kan mota, tana amarya. Marigayi mahaifinki, Kaka Cleophus, ya ce ba za a zauna a kanta ba sai ranar da ya ajiye aikin narka ƙarfe suka koma gida; kafin nan ta yi gadi. Ya ajiye aikin, komawar ce ba a yi ba, bana sai baɗi, har ya koma gidan da ba a zuwa da kujera. Ita kuwa ta yi gadi shekara hamsin da 'yan kai. Kin fi ni sanin labarin mutumin da ya taɓa ture ta ya ajiye motarsa. Sai maza takwas na layin suka fito suka mayar masa da duk ƙanƙarar da aka kwashe a kan motar, suka lallaɓa ta da bayan shebur, sai da ya jira watan Maris. Tun daga ranar ko kare ya zo wucewa sai ya kauce mata. Shekarun da nake wurinki, Mista Gatewood na gidan da yake kallon namu, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi yake haƙe gurbin ya shiga ɗakin ƙasa da kansa ya fito da ita ya kafa, domin motar coci ta sami inda za ta tsaya ta ɗauki Kaka.

To, ga abin da ya faru. Juma'ar makon jiya aka zuba ƙanƙarar kirki ta farko a bana, har gwiwa. Asabar da safe na fita da shebur, na haƙo motarmu, na yanka hanya tun daga matakala har bakin titi, daidai faɗin sandar Kaka mai ƙafa huɗu, na zuba gishiri. Aiki ne wanda da a zamanin da ne da an yi masa waƙa. Da yake zan je karɓo wa Kaka magani, na sauka ɗakin ƙasa ɗauko kujera, sai na tarar da wurinta wayam, sai tabon tsatsa a siminti. Na duba bayan tukunyar ɗumama gida, na duba ƙarƙashin matakala. Na hau na tambayi Kaka, ta ce in duba da kyau, ta ci gaba da gyaran ganye ba ta ɗago ba. A lokacin ban lura da wannan rashin ɗagowar ba. Da na rasa yadda zan yi, na ɗauki teburin guga na kafa a gurbin. Na ja da baya na dube shi, na ga ba shi da kwarjini ko kaɗan, amma na ce da babu gara ba daɗi.

A watan Oktoba wata yarinya ta tare a benen da ke jikin namu, sunanta Renita, ma'aikaciyar jinya ce daga Memphis, can Kudu, wannan ne sanyinta na farko a nan. Ta dawo daga aiki, ta ga teburin guga tsaye a titi cikin ƙanƙara, tausayi ya kama ta. Ta fito ta naɗe shi, ta ga Allah ya ba ta wuri a share tas, ta gyara fakin a ciki, sannan ta goge teburin da mayafin wuyanta, ta hau matakalarmu ta ƙwanƙwasa. Ta ce wa Kaka, cikin ladabin da a layinki kaɗai na san irinsa, wai Mama ga kayanki iska ta fitar titi, ta ji tsoron kada mota ta taka. Ni kuwa na dawo na yi ta zagaye, na ajiye mota can ƙarshen layi, na shigo da jawabi mai sassa uku a bakina, sai na tarar da mai laifin zaune a kicin ɗinmu da kofi a hannu. Suna ta lissafa garuruwa da koguna da irin wake, bakin Kaka ya juye ya koma na Alabama, tana jan magana kamar zuma. Bayan ta tafi Kaka ta ce in na taka matakalar yarinyar nan da jawabina, to in nemi wani gidan cin abinci. Wai yarinya ta yi abin da uwarta ta koya mata, ni ne sakaran da ya aiki teburin guga aikin manya. Da yake kuma Renita tsoron tuƙi a kan ƙanƙara take yi, ta bar motar nan ta koma hawa bas har ranar Laraba.

Lahadi ita ce ranar da ba na son tunawa. Kaka ta shirya tun ƙarfe takwas, ta sa shuɗiyar rigarta da hular nan mai gashin tsuntsu. Hanyar da na yanka a jikin motar Renita ta ƙare, gaba da baya kuma tudun da motar share titi ta tara ne, har ƙugu, ya kwana ya zama dutse. Na gwada sara, bakin shebur ya lanƙwashe. Ta ce mu taka zuwa ƙarshen layi, inda na ajiye mota. Na riƙe ta, muka wuce gida ɗaya, muka wuce na biyu, a na uku mutanensa ba su share gabansu ba, sandar ta zame, na ji nauyinta duka ya dawo hannuna. Ba ta faɗi ba. Ta tsaya tana numfashi, ta dubi nisan da ya rage, ta ce mu koma. Rabonta da fashin coci tun jinyar Kaka Cleophus. Ta zauna a falo da hularta a ka har rana ta raba, ko rediyo ba ta kunna ba. Da na kawo mata shayi sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wataƙila dai Earlene ce mai gaskiya. Gwaggo, na sha jin Kaka ta yi faɗa, na sha jin ta yi kuka a jana'iza, amma ban taɓa jin ta sallama ba sai ran nan.

Litinin na tare Mista Gatewood na kai ƙara, na ce yana zaune a taga yana kallo aka yi mana wannan. Ya ce yaro, da koriyar ce, da ko da silifas zai fito ya tsayar da yarinyar ya yi mata bayani. Amma da ya ga teburin guga sai ya ɗauka kaya muka fara fitarwa. Wai ai duk layin an san Vernell za ta koma Kudu, tunda ga ƙanƙara ta sauka kujerar Cleophus ba ta fito ba, matan coci har sun fara shawarar wa za ta yi kek ɗin ban kwana. Ya faɗi haka yana ta goge tabarau, ya ce in za mu tashi a gaya masa da wuri, kada ya wayi gari ya ga labulaye sun canja. Kwamiti ya rubuta wannan a littafinsa, bai yi dariya ba.

Da yamma na zauna na tambayi Kaka kai tsaye, na ce ta bar rahoto, ta bar ni, ta bar ki, ita me take so. Ta ce da ni lauya marar kotu, sai yau na ga damar tambayar mai shari'ar. Sannan ta ce tana son Alabama, can uwarta Idella take kwance, kuma har yau in ta yi mafarki jar ƙasa take gani. Amma a can, wai, ita 'yar Idella ce da ta tafi Arewa, in ta koma kuma ta zama uwar Earlene. A layin nan kuwa ita ce Vernell, ita ta san wanda aka haifa a kowane gida da wanda aka fitar, ita ake kira in tukunyar wata ta ƙi daɗi ko ɗan wani ya ƙi ji. Ta ce Cleophus ma nan yake kwance, bas biyu ne tsakaninsu. Na ce to ta gaya miki haka mana. Ta ce 'yar da take kwana ba barci saboda ita, da wane baki za ta ce mata a'a.

Saboda haka ga hukuncin kwamiti, kuma babu wanda ya ƙi amincewa. Montgomery ta fi dacewa da gwiwa, Chicago ta fi dacewa da Vernell Tolliver, tunda kuma ba a raba mutum da gwiwarsa, sai a nemi dabara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɗauki alkawari a gabanki da gaban Allah, matakala za ta sha gishiri safe da yamma. An kafa mata ƙarfen dafawa gefe biyu, kuma ki kwantar da hankalinki, Mista Gatewood ne ya kafa, ba babana ba. Renita ma, da ta gano ranar Laraba abin da ta jawo mana, ta zo da kek tana neman nutsewa don kunya, ta ce za ta riƙa leƙo Kaka duk ranar da nake wurin aiki.

Ki gaishe mini da Baba Hosea, ki ce masa ciyawa ba ta girma a Janairu, ya miƙe ya sha iska. Ki gaishe da Lavonne da mijinta, a sumbaci jaririya a goshi a ce daga kawunta mai ilimi. A yi wa Demetrius gaisuwa ta musamman, da 'yan ƙungiyar mawaƙa, da mai kantin ƙusa in har yanzu yana magana. Babana yana gaisuwa, Mista Gatewood yana gaisuwa, Kaka kuma ta ce a gaishe ki, ki rage gishiri a abinci.

Saura wata 'yar ƙaramar magana, wadda ba ta kai a sa ta a rahoto ba. Jiya ina neman tabarau na Kaka na ɗaga Littafi Mai Tsarki nata, sai katin Kirsimetin da kika aiko ya faɗo, mai hotonku a baranda. Kun yi kyau ƙwarai. Na daɗe ina kallon fuskoki, sannan idona ya sauka bayan ƙafar Baba Hosea ta hagu. Ranki ya daɗe, akwai wata koriyar aba a wurin, mai tsatsa a ƙafar baya, an ɗora mata tukunyar shuka kamar 'yar talla. Sai na tuna watan Yuli, da kuka zo da a-kori-kura kika ce za ki rage wa Kaka tarkace, kika aike ni sayo lemo ana tsakiyar lodi. Na kai wa Kaka katin. Ta ce ta gani tun ranar da ya zo, ta kuma san abin da kike nufi: kin kai kujerar gida don mai ita ta biyo ta. Ta ce ba za ta roƙi 'yar da ta haifa kujera ba. In ta dawo, ta san kin ji abin da ba ta faɗa ba. In kuma ta zauna can, to bayan Ista za ta ɗaure kaya, don tsohuwa da kujerarta ba sa zama gari biyu. Ta ƙara da cewa in na rubuta miki wannan za ta karya mini sauran yatsu ukun.

To, Gwaggo, ga gaskiyar da na yi shafi shida ina kewaya ta: a dawo mana da kujerarmu. Demetrius zai taso farkon wata, ba za ta ci masa wuri ba, ko a bayan mazaunin direba sai ta shiga. Daga Afrilu zuwa Nuwamba ba ta da aikin komai. In kin so, a watan Mayu, lokacin da kuke share kaburbura, ni da kaina zan tuƙo ta har barandarki, kuma ina da dalilin zaton wata tsohuwa za ta ce sai ta raka ta, ta ga uwarta, wataƙila ma ta zauna a kanta ta ji yadda take. Amma yanzu gwiwar Kaka ta fara sanar da wata ƙanƙarar, bayana ya gaji, teburin guga kuma ya zubar da mutuncin gidan nan iya zubarwa. Don Allah kada a fente ta, da tsatsar layin ya san ta. Shukar kuma ki riƙe abarki, a nan ba za ta kai Lahadi ba.

Naki har kullum, shugaban kwamiti kuma ɗaukacin membobinsa,
Cornelius